Gejin Baba da Ƙanƙarar Haidirojin

Ranar da aka raba mana batutuwan semina, Malam ya rubuta su a ƙananan takardu, ya nannaɗe, ya zuba a hularsa, ya ce kowa ya zo ya ɗauki rabonsa. Mu 'yan ajin ƙarshe ne a sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje, kowa addu'arsa Allah ya ba shi mai sauƙi, don ga furojet a gaba, ga jarrabawa. Wanda ya riga ni ya ɗauko gwajin sukari a fitsari. Wadda ke bayana ta samu yadda ake gane gurɓataccen man gyaɗa. Ni da na warware tawa sai na ga wani dogon Turanci, ma'anarsa ita ce: nazarin daskararren haidirojin da 'yan uwansa ta hanyar haske, a ƙarƙashin matsanancin matsi. Da na karanta a fili, aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Kai kam sai dai mu yi maka jaje." Na dubi Malam, tun kafin in buɗe baki ya ce, "Ba a canji."

Wallahi a ranar haushi na ji. Me ya gama kifi da kaska? Na'urar auna haske guda ɗaya ce a lab ɗinmu, ta girme ni, sai an kunna ta ta yi rabin awa tana ɗumama kafin ta ba da lamba, shi ma in akwai wuta. Da ita ni da abokin aikina muke furojet ɗinmu, wato auna yawan ƙarfe a ruwan rijiyoyi shida na unguwar da ke bayan makaranta. Wannan aikin na san amfaninsa. Amma haidirojin da ya zama ƙanƙara a wani ɗakin bincike na Turai ko Amurka, ina ruwana da shi? Na fara karatun ne don kawai in tsira da makina. Sai ga shi wannan batun ne ya hana ni aikata wani abu da na riga na soma aikatawa. Zan zo kan wannan, amma bari in fara ba ku labarin haidirojin ɗin.

Duk wanda ya yi kemistiri ya san shi ne na farko a jadawalin sinadarai: furoton ɗaya, elektiron ɗaya. Atam biyu ke haɗuwa su yi molikul guda, kuma a wajenmu iska ce. James Dewar a Landan ya mai da shi ruwa a 1898, a 1899 kuma ya daskarar da shi. Sanyin da ake bukata kafin ya daskare shi ne kelbin 14, wato digiri 259 ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba. A 1935 Eugene Wigner da Hillard Huntington suka yi lissafi suka ce idan aka matse wannan ƙanƙarar sosai, molikul ɗin za su rabu, elektiron su samu sakewa suna yawo, haidirojin ya zama ƙarfe mai ɗaukar wutar lantarki. Sun kiyasta gigafaskal 25 zai iya isa. A 1968 Neil Ashcroft ya ƙara wa abin armashi, ya ce wannan ƙarfen zai iya ɗaukar wuta ba tare da asarar komai ba, kuma ba sai an sanyaya shi matuƙa ba. Masana taurari kuma sun daɗe da ganin cewa cikin duniyar Jufita, wadda malamai ke kira Mushtari, cike yake da haidirojin mai halin ƙarfe, a narke. To shekara casa'in ke nan ana matsa ƙanƙarar, an ninka kiyasin farko fiye da sau goma sha biyar, kuma har yau ana gardama.

Ban gane girman lambobin nan ba sai da na je gida hutun ƙarshen mako. Babana mai faci ne, a bakin titi yake da rumfa, kuma tun ina firamare nake taya shi riƙe tiyo. Ina zaune kan wata tsohuwar taya ina karatu a waya, ya ce, "Malam ƙarami, me ake karantawa haka har an ɗaure fuska?" Na ce, "Baba, aikinku ne, matsin iska." Na yi masa bayani cewa iskar da yake sa wa tayar ƙaramar mota ta ɗan wuce ninki biyu na nauyin iskar da ke kanmu kullum. Gigafaskal ɗaya kuwa kusan ninki dubu goma ne na nauyin iskar nan. Masu binciken sun wuce gigafaskal 400, wato kusan sau miliyan biyu na matsin tayar mota, sun ma wuce matsin da ke tsakiyar ƙasa, wanda yake wajen 360.

Ya ajiye lebarsa ya ce, "Wace taya ce za ta ɗauki wannan?"

Na ce ba taya ba ce, daimon ne guda biyu. Ana fiƙe bakin kowanne har faɗinsa ya gaza kaurin gashin kai, a sa su fuska da fuska kamar guduma da uwar maƙera. Tsakaninsu akwai siririn faifan ƙarfe mai ɗan rami, a cikin ramin ake ɗura haidirojin, sannan a riƙa ɗaure noti a hankali. Sirrin shi ne wanda muka koya tun sakandare: in wuri ya ƙanƙance, ƙarfi kaɗan kan haifar da matsi mai yawa. A lissafin takarda, nauyin jarkar ruwa mai lita 20 in ya taru kacokan a kan bakin daimon mai faɗin maikiron 25, ya kai gigafaskal 400, duk da cewa a aikace ana bukatar fiye da haka saboda nauyin yana bazuwa gefe. An ƙirƙiro wannan na'ura a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, kuma ƙarama ce, za ta zauna a tafin hannu.

Baba ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da ni ban yi wa kaina ba. Ya ce, "To ina suke soka geji?"

Na ce ban gane ba. Ya ce, "Ka ce matsin ya kai kaza. Wa ya faɗa musu? Ni nan geji biyu nake ajiyewa. Akwai shekarar da ɗaya ya yi mini ƙarya, na cika wa wani direba taya ta wuce ƙima. Tun daga nan in na yi shakka sai na sa na biyu. Geji ma yana ƙarya, ɗan nan."

Amsar tambayarsa ita ce ainihin batun seminata. Abin da ke tsakanin daimon biyun nan ba a iya taɓa shi, ba a iya ɗebo shi, girmansa bai kai ƙwayar ƙura ba. Abu ɗaya ne ke shiga ya fito cikin sauƙi, shi ne haske, tunda daimon garau yake. Saboda haka haske ne geji, haske ne kuma ido. Tun 1972 aka gano cewa in an jefa ɗan ɓarɓashin yaƙutu cikin ramin aka haska shi da leza, jan hasken da yake mayarwa, wanda zangonsa ke wajen nanomita 694, yana gusawa daidai da ƙaruwar matsi. In matsin ya yi yawa har yaƙutun ya dushe, sai a koma karanta alamar da daimon ɗin kansa ke bayarwa. Ka ga ke nan ba a auna matsin kai tsaye, fassara shi ake yi daga gusawar wani layi. In ma'aunin fassarar ya karkace, lambar ta karkace.

Haidirojin ɗin kansa kuma da hanyar Raman aka fi sauraronsa. A ranar 28 ga Fabrairu 1928, a Kalkata ta Indiya, C. V. Raman da K. S. Krishnan suka tabbatar cewa in haske ya bugi abu, wani ɗan kaso ƙalilan yakan dawo da launinsa ya ɗan sauya, domin ya bar wani ɓangare na ƙarfinsa a jikin molikul. Bambancin nan shi ke gaya maka da wane sauri molikul ɗin ke kaɗawa. Raman ya samu kyautar Nobel a 1930. Ana kuma amfani da hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, a duba wane ɓangarensa abin ya shanye. Wannan na biyun ɗan uwan abin da tsohuwar na'urarmu ke yi ne: a tura haske, a auna abin da ya wuce.

Yadda na fahimci abin shi ne da kalangu. Atam biyun da ke molikul ɗin haidirojin suna matsowa suna janyewa ba tsayawa, kamar an haɗa su da sifirin, kuma wannan kaɗawar tana da murya guda. A iskar haidirojin muryar tana wajen 4161, a ma'aunin da ke ƙirga zangon haske nawa ke shiga santimita ɗaya. In makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammata, murya takan hau. Haka aka zata, kuma haka aka gani da farko. A 1979 Ho-kwang Mao da Peter Bell a Washinton suka ga haidirojin ya daskare a zafin ɗaki, ba tare da sanyi ba, da matsi ya kai tsakanin gigafaskal 5 da 6. A 1980, tare da Shiv Sharma, suka bi muryar suna ƙara matsi. Ta yi ta hawa, amma da aka wuce gigafaskal 30 sai ta tsaya, sannan ta fara sauka. Ka yi tunanin kalangun da kake ƙara matsewa muryarsa na ƙara kauri. Ɗaya daga cikin abin da wannan ke nunawa shi ne molikul ɗin sun fara jin maƙwabtansu, igiyar da ke ɗaure kowane atam da abokinsa ta fara saki. Hanyar zuwa ƙarfe ke nan, amma hanyar doguwa ce.

A nan 'yan uwan haidirojin suke shigowa. Diyutiriyam haidirojin ne da aka ƙara wa niyutiron ɗaya a ciki, nauyinsa ya ninka, amma elektiron ɗinsa ɗaya ne kamar na ɗan uwansa, saboda haka halinsu a kemistiri kusan ɗaya ne. Shi kansa da haske aka gano shi. A 1931 Harold Urey da abokan aikinsa biyu, Ferdinand Brickwedde da George Murphy, suka bar ruwan haidirojin ya ƙafe har ya rage ɗan kaɗan, suka duba hasken abin da ya rage, suka ga wasu raunanan layuka a gefen waɗanda aka sani, daidai inda lissafi ya ce mai nauyin zai bayyana. Urey ya samu Nobel a 1934. A ruwan teku, cikin atam ɗin haidirojin wajen 6,400 ɗaya diyutiriyam ne. Akwai na ukunsu, tiritiyam, mai niyutiron biyu, amma shi yana fitar da tururin nukiliya, rabinsa na lalacewa cikin shekara 12 da 'yan watanni, don haka aiki da shi sai wurare na musamman.

Me ya sa ake wahalar maimaita gwaji da diyutiriyam? Tsarkiya mai kauri ai ta fi sirirya kaurin murya. Tunda nauyi ya ninka, lissafi ya ce muryar diyutiriyam za ta ragu da kusan ninki 1.41, wato tushen 2. A aikace tana wajen 2994. Na raba 4161 da 2994 a kalkuleta, na samu 1.39, ɗan bambancin kuma saboda igiyar molikul ba cikakken sifirin ba ce. Molikul mai gauraye, haidirojin ɗaya da diyutiriyam ɗaya, yana tsakiya, wajen 3632. To in mai bincike ya ga wani sabon layi a na'urarsa, tambayar farko ita ce: daga haidirojin yake, ko daga daimon, ko daga faifan ƙarfen, ko wani datti? Sai ya sake gwajin da diyutiriyam. In layin ya gusa yadda nauyi ya ce ya gusa, to na haidirojin ne. In ya tsaya inda yake, wani abu ne daban ke magana. Gejin Baba na biyu ke nan.

Inda tagwayen suka saɓa kuma, saɓanin kansa ilimi ne. A ƙanƙarar haidirojin ta farko, kowane molikul yana zaune a gurbinsa amma yana juyawa ta ko'ina, ba ya fuskantar wani sashe. In an yi sanyi sosai aka ƙara matsi, wuri yakan ƙure har su daina juyawa sakaka su jeru. A nau'in diyutiriyam da aka tace, Isaac Silvera da Rinke Wijngaarden sun ga wannan sauyi a 1981 a wajen gigafaskal 28. A takwaransa na haidirojin sai da aka kai wajen 110, a 1990. Mai gaurayen ya faɗo tsakiya, kusan 70. Elektiron iri ɗaya, amma matsin ya ninka kusan sau huɗu. Dalili shi ne a duniyar ƙananan abubuwa babu abin da ke tsayawa cak ko da an kai ƙarshen sanyi, kuma mai sauƙin nauyi ya fi rawar kai, ya fi wuyar a zaunar da shi. Duk lissafin kwamfutar da ya manta da wannan rawar zai ba haidirojin da diyutiriyam amsa ɗaya, gwaji kuma ya ƙaryata shi.

Haka aka yi ta hawa mataki-mataki. A 1988 Russell Hemley da Mao, a sanyin kelbin 77, suka ga muryar ta faɗo farat ɗaya a wajen gigafaskal 150. Wasu sun yi zaton ƙarfen ne ya iso. Binciken da ya biyo baya ya nuna sabon tsari ne na ƙanƙarar, amma molikul na nan, wuta ba ta bi. A 2002 Paul Loubeyre da abokansa a Faransa suka ga haidirojin ya yi baƙi a wajen 320. A 2012 wata tawaga a Edinbara ta Sikotilan ta ga muryar ta rabu biyu a zafin ɗaki, sama da 220, aka fassara shi da cewa shimfiɗa iri biyu ce ke bin juna, ɗaya molikul masu ƙarfin ɗauri, ɗaya kuma masu raunin ɗauri da suka jeru kamar saƙar zuma. Na ce "aka fassara" domin haidirojin, da elektiron ɗinsa ɗaya tal, da ƙyar yake nuna kansa a hoton eksire. Akasarin abin da aka sani game da tsarinsa daga muryoyin nan da lissafi aka haɗo shi.

Yanzu bari in dawo rijiyoyinmu, don a makon da nake karanta waɗannan abubuwa ne aikinmu ya cije. Hanyar da muke bi ita ce a zuba wa ruwa wani sinadari mai suna finantirolin, in akwai ƙarfe sai ya yi launin ja-ja kamar lemo, a auna shi a nanomita 510. Kafin nan sai ka haɗa ruwa biyar da ka san yawan ƙarfen cikinsu, ka auna, ka zana layi. Namu huɗu sun hau layi, na uku ya yi tsalle sama. Ga kuma rijiya ɗaya, ta gidan da ɗalibai da yawa ke haya, ta ba da lamba da ta zarce miligiram 0.3 a lita, iyakar da aka saba amfani da ita, nesa ba kusa ba.

Abokin aikina ya ce, "Ka ga, gyara na ukun nan kawai, layi ya miƙe. Wa zai duba? Ita kuma rijiyar nan ai ita ce ribar aikin, da ita za mu burge su a difens." Kada ku zarge shi da sauri. Makinsa yana bakin gaɓa, maki kaɗan ne tsakaninsa da matakin da zai ba shi damar ci gaba zuwa babbar difloma, kuma shi ke biya wa kansa kuɗin makaranta da aikin gyaran waya. Ni ma ban yi gardama ba. Da hannuna na goge lambar na rubuta wata. Layi ya miƙe sumul, ya yi kyau ƙwarai. Kwana biyu lambar ƙaryar nan tana cikin kwamfutar.

A dare na biyu na iso labarin 2017. A watan Janairu na shekarar, Ranga Dias da Isaac Silvera na jami'ar Habad suka wallafa a mujallar Science cewa sun samu ƙarfen, a gigafaskal 495. Sun ce abin ya tashi daga garau ya koma baƙi, sannan ya fara ƙyalli. Jaridun duniya suka ɗauka. Nan da nan sauran masu binciken suka taso da tambayoyi irin na Baba. Yaya aka auna matsin, sau nawa? Ƙyallin nan na haidirojin ne, ko na shafen da aka yi wa daimon, ko na faifan ƙarfen? An maimaita? Ba a maimaita ba, gwaji ɗaya ne. A watan Fabrairu, suna ƙoƙarin sake auna matsin da leza, daimon ɗin ya farfashe, abin da ke ciki ya ɓace. Babu wanda zai iya komawa ya duba. Bayan shekaru, a wani aiki daban da ya shafi kayan da ke ɗaukar wuta ba asara, mujallar Nature ta janye takardu biyu na Dias, a 2022 da 2023, kuma binciken jami'ar da ya koma ya same shi da laifin ƙirƙira da murɗa bayanai.

Sai na karanta na 2020. Loubeyre da Florent Occelli da Paul Dumas sun sassaƙa wa bakin daimon wani zobe don ya ƙara jure matsi, suka kai na'urar cibiyar SOLEIL da ke kusa da Faris, inda ake samun haske mai ƙarfi. A sanyin kelbin 80 suka riƙa ƙara matsi suna auna hasken ƙasa da ja da ke ratsa ƙanƙarar, mataki bayan mataki. A wajen gigafaskal 425 hasken ya daina wucewa. Da suka sassauta, ya dawo. Duk da haka, a kan taken takardarsu sun sa kalmar da ke nufin "mai yiwuwa", domin toshe haske alama ce, ba su auna wutar lantarki na bi ta ciki ba. Sannan suka koma suka ɗauko shaida na biyu: a 2022 suka wallafa irin gwajin da diyutiriyam, suka ga kwatankwacin abin a wajen 460, wato ya jinkirta da kusan 35.

Na ajiye wayar na daɗe ina kallon silin. Mutanen da suka shafe shekaru suna wannan aiki, da na'urar da ƙasa guda ta gina, sun yarda su rubuta "mai yiwuwa". Ni kuma da awo guda a tsohuwar na'ura zan je in gaya wa mutane rijiyarsu ta gurɓata, bisa layin da na miƙar da hannuna.

Da safe na je wajen malamin da ke kula da lab, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ban ɓoye masa ba. Bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi, "Kun auna ruwan da ba komai a cikinsa?" Na ce mun sa tataccen ruwa mun daidaita na'ura. Ya ce, "Ba shi na tambaya ba. Tataccen ruwa, a kwalaben da kuka yi aiki da su, da duk sinadaran, kamar shi ma na rijiya ne." Ba mu yi ba. Da muka yi, a wasu kwalaben ruwan da bai kamata ya nuna komai ba ya ɗan yi launi. Ashe da ruwan famfo muka ɗauraye su, famfon kuma daga tsohon tanki mai tsatsa yake. Wani kaso na ƙarfen da muke murna mun gano, mu muka zuba shi. Tsallen da lamba ta uku ta yi gaskiya take gaya mana, ni kuma na toshe mata baki.

Sinadarin da ya rage bai isa a sake duka ba, kuɗin sayen wani babu, lokaci ma ya ƙure. Muka wanke kwalabe da asid, muka sake layin, muka sake rijiya uku, kowace sau uku. Rijiyar gidan hayar tana cikinsu. Ta sauko sosai, tana dab da iyaka, awo ɗaya sama kaɗan, biyu ƙasa kaɗan. Abin da muka rubuta shi ne tana bukatar a sake dubawa, musamman da damina. Sauran ukun muka bar gurbinsu babu lamba, muka bayyana dalili. Abokina ya sa hannu, amma ya yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ce mini, "In aka rage mana maki, kai ka san abin da za ka gaya mini." Ban da amsar da zan ba shi, har yanzu ma ba ni da ita.

Ranar semina na yi bayanina da kalangu da gejin Baba. Na ƙara musu da cewa neman nan bai tashi a banza ba: a 2015 tawagar Mikhail Eremets a Mainz ta Jamus ta matse haidirojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, zuwa wajen gigafaskal 155, ta ga yana ɗaukar wuta ba asara a kelbin 203, kusan digiri 70 ƙasa da sifili. Da suka musanya haidirojin ɗin da diyutiriyam, sai da aka ƙara sanyi kafin abin ya faru, kuma wannan ne ya nuna kaɗawar atam ɗin ce ke haddasa shi. Wanda ya yi mini jaje ranar farko ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu dai gajarce mana. An samu ƙarfen ko ba a samu ba?" Na ce a narke da zafi, an ga alamarsa tun 1996 a Libamo ta Amurka, a wajen gigafaskal 140, na ɗan ƙiftawar ido. A daskare kuwa, mai yiwuwa. Aka yi dariya, ya ce, "Duk wannan surutun a kan mai yiwuwa?" Na ce e.

Difens ɗinmu saura mako biyu. A shafi na talatin da ɗaya na furojet ɗin akwai jadawali mai layi shida, uku cike, uku babu komai, kuma na san nan za a fara tambaya. 'Yan ajin da ke bayanmu, in kun zo aiki da na'urar nan, ku kunna ta da wuri, kada ku ɗauraye kwalabe da ruwan famfon baya, kuma ku auna ruwan da ba komai kafin ku auna na rijiya. Na gaya wa Baba yadda aka ƙare. Yana tsoma tiyub a bahon ruwa yana neman inda kumfa ke fita, bai ɗago ba ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Miƙo min gejin can, ba wannan ba, ɗayan."